Tattasan Komadugu da dokokin da suka bi ta kansa

Idan kana da niyyar kafa ƴar sana'a ta abinci a Difa, ko garin tattasai, ko yaji, ko tuwo da miya a bakin tasha, zauna ka ji tarihin abin da za ka sayar. Tarihin nan bai yi nisa ba. Tsofaffin garinku sun ga farkonsa, kai kuma ka ga ƙarshensa da idonka.

Mu fara da ruwa. Da yaren Barebari, komadugu na nufin kogi. Komadugu Yobe ba a ƙasarmu take tasowa ba. Ruwanta daga kogin Haɗeja da kogin Jama'are yake zuwa, can cikin Najeriya. Sai ta yi iyaka tsakanin ƙasashen biyu, tafiyar wajen kilomita 150, kafin ta faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. Ba duk shekara take gudu ba. Tana zuwa da damina, ta cika da kaka, ta janye da rani. A bakinta Mobar da Mangawa suka daɗe suna noman rani. Da jigo suke ɗebo ruwa, suna shuka alkama da albasa da kayan miya.

Shi kansa tattasai baƙo ne. Asalinsa ƙasashen Amurka. Turawan Fotugal da na Sifen ne suka yaɗa shi cikin duniya bayan shekara ta 1492. Ya yi tafiya mai tsawo kafin ya sami gida a wurinmu.

Difa ma ba babban gari ba ce a da. Zamanin Faransawa, Gigime da Maine-Sorowa ne ke da suna. A shekara ta 1964 gwamnati ta raba ƙasa kashi 7, ta ce Difa ce za ta zama cibiyar yankin gabas. Bayan 1970 aka shimfiɗa hanyar kwalta da taimakon ƙasar Kanada, wadda ta haɗa mu da Gure da Damagaram har Yamai. Mota ta fara zuwa ɗaukar kaya.

To, sai fari ya zo. Na 1973, sannan na 1984. Gero ya ƙi, dabbobi suka mutu, tabkin Cadi ya janye daga ƙasarmu. A Najeriya kuma an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ruwan da ke iso mu ya ragu. Mutanen da suka rasa gonar tudu suka gangaro bakin kogi. A wannan zamani ne injin ban-ruwa ya kori jigo. Mutum ɗaya da inji yana shayar da filin da mutum goma ba su iya shayarwa da hannu. Amma inji yana shan mai, ƙasa tana son taki. Wane amfanin gona ne zai biya kuɗin nan? Tattasai ne. Idan ya bushe ba ya lalacewa da wuri, ba ya da nauyi, kuma Najeriya tana sonsa ƙwarai. Daga Damasak da Maiduguri har Kano da Legas, da shi ake jan miya. Shi ya sa naira ta fi sefa yawo a kasuwanninmu na bakin kogi. Kafin 2015 jihar Difa takan fitar da wajen tan 10,000 a shekara, mafi yawansa zuwa Najeriya. Har aka sa masa suna jan zinariya.

Ba manomi kaɗai ke ci ba. Akwai mata masu tsinka, da masu shanya, da masu ɗinkin buhu, da dillalai, da mai injin niƙa, da matar da ke daka yaji tana ƙullawa. Haka banda, wato kyafaffen kifin tabki, take ciyar da dubban gidaje.

Ranar 6 ga watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kawo hari Boso da Difa. Cikin watan nan gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur. Aka hana cinikin kifi da na tattasai, domin hukuma ta ce ƴan bindiga suna karɓar haraji a kansu. Taki da mai suka koma sai da izini. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tabki. Ƙauyuka da yawa na bakin Komadugu suka tashi, suka koma zama cikin bukkoki a gefen kwalta.

Ni ban ce hukuma ba ta da dalili ba. Amma wanda ya sha wuya ya fi wanda aka nufa yawa. Buhun da jiya dukiya ne, yau ya zama laifi. Sai a watan Oktoba na 2017 aka ɗage hanin tattasai. Na kifi kuwa sai 2019. A shekarar nan kuma Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020, ga ambaliyar Komadugu ta cinye gonaki.

Akwai wata doka da ta girmi waɗannan, wadda mutane ba su cika sani ba. Tun ranar 2 ga watan Maris na 1993 Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a. Daga nan ma'aikatan tsabta suka sami ikon duba abincin sayarwa, da wurin da ake yinsa, da lafiyar mai yinsa. Wannan ba don a takura maka ba ne. Ka dubi yadda muke shanya tattasai a ƙasa. Yashi yana shiga, awaki suna bi ta kai. Idan an zuba shi buhu bai gama bushewa ba, sai ya yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana da guba mai cutar hanta. Dillalin buhu yana iya rufe ido. Kai da za ka niƙa ka sayar wa maƙwabta, ba ka iyawa. Ka shanya a kan tabarma ko tampol. Ka tsince ruɓaɓɓe kafin niƙa. Ka rufe gari daga ƙura da ƙuda. Ka je likita a duba ka.

Sai maganar kuɗi. Mai zama kasuwa yana biyan kuɗin wuri ga ma'aikatar gari. Mai rumfa ko kanti yana da harajin sana'a, wanda muka saba kira patanti. Kafin ka kafa rumfa, ka je ma'aikatar gari da ƙafarka, ka tambayi inda aka yarda a zauna da abin da ake biya. Kada ka ji a bakin wani.

Wata ɗaliba tawa a ajin yaƙi da jahilci tana sayar da yaji. Sau uku wani mutum ya zo ya karɓi kuɗi a hannunta, ya ba ta guntuwar takarda. Tana adana su cikin gwangwani. Da ta iya haɗa baƙi, ta kawo su aji muka duba tare. Babu hatimi, babu kwanan wata, babu adadin kuɗi. Ɗaya ma tsohon tikitin mota ne. Ƴan aji suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Tun ran nan, duk wanda ya miƙo mata takarda, sai ta karanta abu uku da ƙarfi a gabansa: sunan ma'aikata, da ranar, da kuɗin. Sannan ta kwance bakin zane.

Yanzu su bakwai ne suka haɗa kai. Sun rubuta sunayensu a littafi, kowace da abin da ta zuba. Suna sayen buhu lokacin tsinka, sa'ad da yake da araha, su ajiye a ɗaki mai iska, a bisa katako, ba a ƙasa ba. Takardar ƙungiyarsu tana ma'aikatar gari, suna jiran sa hannu.