Yadda Aka Gano Ƙa'idodin Motsi

Tun zamanin da, mutanen Yunan sun yi ta muhawara a kan abin da ke sa abu ya yi motsi. Babban malaminsu Aristo, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce abu ba ya tafiya sai da mai tura shi, in an daina turawa sai ya tsaya. Maganar nan ta yi daidai da abin da ido ke gani, gama kowa ya sani in jaki ya tsaya kaya ma sun tsaya. Don haka aka riƙe ta kusan shekara 2,000.

Amma akwai tambaya guda wadda ta dami masana. In yaro ya yi jifa da majajjawa, wa ke tura dutsen bayan ya rabu da ita? Ibn Sina, malamin nan na Bukhara wanda ya rasu cikin 1037, ya ce mai jifa ya kan zuba wa dutsen wani ƙarfi, iska ce ke rage shi. Da babu abin da ke tare shi, da bai tsaya ba.

Wanda ya ɗauki maganar ya gwada ta da awo shi ne Galiliyo, mutumin Italiya. Ya sassaƙa hanya cikin dogon katako, ya jingine shi, ya riƙa gangaro da dunƙulen tagulla. Da ya ke babu agogon kirki a lokacin, sai ya auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaya daga wani mazubi. Ya tarar in lokaci ya ninku biyu, nisan tafiya ya kan ninku huɗu. Cikin 1633 shugabannin coci na Rum suka tsare shi a gidansa don ya ce duniya ke kewaya rana. Sai can Holanda aka buga littafinsa na motsi cikin 1638. Ya rasu cikin 1642.

A ƙarshen shekarar nan, bisa lissafin Ingila na lokacin, aka haifi Ishaƙu Niyuton, bayan ubansa ya riga ya mutu. Uwarsa ta taɓa cire shi daga makaranta don ya lura da gona, ya kasa, aka mai da shi. Cikin 1661 ya shiga jami'ar Kambirij. Mutum ne wanda ba ya son gardama, saboda haka ya kan yi bincike ya ɓoye. Cikin 1684 wani masanin taurari, Edmon Halli, ya zo ya tambaye shi irin hanyar da taurari masu kewaya rana ke bi. Niyuton ya ce ai ya riga ya lissafa, amma ya nemi takardar ya rasa. Halli ya yi ta lallashinsa har ya rubuta littafi. Ƙungiyar masana ta Landan kuwa ta kashe kuɗinta wajen buga wani littafi na kifaye, sai Halli ya biya daga aljihunsa, littafin ya fito cikin 1687.

Ƙa'idodi uku ya kafa a ciki. Ta farko, abin da ke tsaye ba ya motsi, mai tafiya kuma ba ya tsayawa ko ya karkata, sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Shi ya sa in doki ya yi birki farat ɗaya mahayi kan faɗo ta gaba. Ta biyu, gwargwadon ƙarfin turi gwargwadon ƙaruwar gudu, abu mai nauyi kuwa ya fi bukatar turi. Ta uku, duk abin da aka tura shi ma yana mai da turi daidai wa daida, kamar yadda bindiga ke dukan kafaɗar maharbi.

Saura gwaji. Halli ya yi lissafi da ƙa'idodin nan, ya ce tauraruwa mai wutsiya da aka gani cikin 1682 za ta komo wajen 1758. Niyuton ya rasu cikin 1727, shi kuma Halli cikin 1742, ba wanda ya ga ranar. A watan Disamba na 1758 wani manomi a ƙasar Jamus ya ɗaga madubin hangen nesa, sai ga ta.