Daskararren Kitse a Jijiyoyin Jini da Sinadaran da ke Cin Murfinsa

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin al'ummar 'Yargoje da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Sau da yawa akan ji mutum ya yini lafiya a gona, da dare ya faɗi, ko ɓarin jikinsa ya shanye. Galibi musabbabin abin ya daɗe yana ɓoye cikin jijiyoyin jini.

Yadda ciwon ke samuwa

Cikin shekaru masu yawa, kitse kan taru ya daskare a bangon jijiyar da ke kai jini zuwa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Jiki kan lulluɓe wannan tari da murfi na wasu zaruruwa masu ƙarfi da ake kira kolajin. Muddin murfin na da kauri, kitsen na nan a tsare. Amma idan wurin ya yi kumburi, fararen ƙwayoyin jini kan taru a ciki, su fitar da wasu sinadarai masu narkar da kolajin, waɗanda likitoci ke kira MMP. Aikinsu kamar na gara ne a cikin azara: daga waje rufi na nan daram, ciki kuwa ya rube. Da zarar murfin ya tsage, sai jini ya yi gudaji nan take ya toshe hanya. Wannan kan jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

An fara gano irin waɗannan sinadarai a 1962 a Amurka, lokacin da Jerome Gross da Charles Lapière suke nazarin yadda wutsiyar 'ya'yan kwaɗi ke narkewa. A 1994 kuma Zorina Galis da Peter Libby da abokan aikinsu suka nuna yawansu a sassan tarin kitsen da suka fi saurin tsagewa. Suna da amfani wajen warkewar rauni. Yawansu ne ke ɓarna.

Abin lura

Sirancin murfi ya fi girman tarin kitsen haɗari. Tarin da bai rage hanyar jini sosai ba yana iya tsagewa ba tare da gargaɗi ba. Saboda haka jin ƙarfin jiki ba shaidar lafiyar jijiya ba ne. Hawan jini, ciwon suga, shan taba da yawan kitse a jini su ne ke rura kumburin.

Shawarwari

Muna kira ga magidanta da iyaye mata su riƙa auna jininsu a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Awon da ya kai 140 bisa 90 yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya. A rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishiri ya kai giram 5 a rana. Wanda likita ya ɗora kan maganin rage kitse ko na hawan jini, kada ya daina don ya ji sauƙi.

Idan aka ga nauyi a ƙirji tare da gumi, ko karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, a garzaya Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa ba tare da jinkiri ba. Muna roƙon dagatai, masu unguwanni da kansiloli su tanadi motar da za ta ɗauki mara lafiya tun kafin buƙata ta taso.