SHEKARAR DA RASHA DA AMURKA SUKA YI MUSAYAR GIDA

'Yan uwana mata, da a ce a littafin soyayya na kawo muku wannan labari, na san wasiƙu za su yi ta zuwa ana cewa Anti kin cika ƙarin gishiri. A ce maƙwabta biyu ba sa ga-maciji, kowace da attajirin da ya tsaya mata, sai a wayi gari attajiran sun yi musaya, na wannan ya koma gidan waccan, na waccan ya dawo gidan wannan, alhali matan suna tsakiyar dambe? To ba ƙirƙira ba ce. Haka ya faru a 1977 tsakanin Habasha da Somaliya, a zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet, wadda muka fi sani da Rasha, suke ja-in-ja a kan wa zai juya duniya.

Bari mu faro daga tushe. Somaliya ta sami 'yanci a 1960, shekara ɗaya da Nijeriya. In kin dubi tutarta za ki ga farin tauraro mai tsini biyar. Kowane tsini yana nufin yanki ɗaya da Turawa suka raba Somalawa: na Italiya da na Ingila, waɗanda suka haɗe suka zama ƙasar, sai na Faransa wato Jibuti, da na arewacin Kenya, da kuma Ogaden da ke hannun Habasha. Ogaden ɗin nan fili ne na makiyaya, raƙuma da awaki da rijiyoyi, mutanensa Somalawa ne. Tun ranar farko zuciyar Somaliya tana can.

Ita Habasha a lokacin ta Amurka ce. Tun 1953 Sarki Haile Selasiye ya ba Amurkawa wuri a Asmara suka kafa tashar sauraren saƙonni, su kuma suna biyan sa da makamai da horar da soja. Da Somaliya ta nemi Turawan Yamma su gina mata rundunar soja, abin da suka miƙo bai taka kara ya karya ba, don kada ran Sarki ya ɓaci. Sai Rasha ta zo a 1963 da tayin da ya ninka nasu. Da Janar Siyad Barre ya yi juyin mulki a 1969 ya ce shi ɗan gurguzu ne, soyayya ta ƙara ƙarfi, har aka ɗaura aure sosai a 1974 da yarjejeniyar abota. Lefen kuwa tankokin yaƙi ne da jiragen MiG.

To me Rasha ta gani a jikin ƙasar makiyaya da ko ruwan sha yana yi mata wuya? Ƙofar gidanta ta gani. Dubi taswira: daga garin Berbera na Somaliya ana hangen hanyar da jiragen ruwa suke bi su shiga Bahar Maliya ta wata ƙaramar mashiga mai suna Babul Mandab, su wuce Suwez zuwa Turai da man Larabawa. Wanda ya zauna a nan ya zauna a bakin hanyar kasuwar duniya. A Berbera Rashawa suka gyara tashar jiragen ruwa, suka shimfiɗa titin saukar jirgin sama mai tsawon fiye da kilomita 4. Irin saurayin nan ne da ba yarinyar yake so ba, shagon da ke jikin gidan ubanta yake hange.

Ana nan sai abu ya juya a Habasha. Sojoji suka tumɓuke Sarki a 1974, zuwa Fabrairun 1977 Mangistu Haile Mariyam ya karkashe abokan takararsa ya zauna daram, ya ce shi ma ɗan gurguzu ne. A watan Afrilu ya kori Amurkawa daga Asmara. Rasha ta duba ta ga Habasha ta fi girma, ta ninka Somaliya yawan jama'a sau da yawa, sai ta yi kwaɗayin haɗa biyu. Har Fidel Kastro na Kyuba ya zo a watan Maris na shekarar, ya zaunar da Mangistu da Siyad Barre a birnin Adan na Yaman, wai a yi zaman lafiya a gida ɗaya. Ke da kanki kin san yadda irin wannan zaman sulhu yake ƙarewa in uwargida ta riga ta ga take-taken maigida. Aka tashi baram-baram.

Siyad Barre ya ga Habasha a ruɗe take da rikicin cikin gida, ya ce yau ne ko ba yau ba. A watan Yuli 1977 sojojinsa suka kutsa Ogaden da tankokin da Rasha ta ba shi. Kafin ƙarshen Satumba sun kama Jijiga, kusan duk yankin ya dawo hannunsu, saura Harar da Dire Dawa. A nan Rasha ta zaɓi amarya. Ta tsayar da makaman Somaliya. Cikin fushi, ranar 13 ga Nuwamba, Siyad Barre ya yaga takardar auren, ya ba Rashawa 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk labarin nan shi ne, wasu hafsoshin Rasha da suka san sirrin sojan Somaliya ciki da bai, sai ga su a ɓangaren Habasha suna ba da shawara. Wanda ya san inda kike ajiye makullin akwatinki shi ne yanzu yake kwana a gidan abokiyar gabarki.

Jiragen Rasha suka yi ta sauke kaya a Addis Ababa dare da rana, makamai na kimanin dala biliyan 1, ga sojan Kyuba kimanin 15,000, ga wani janar ɗin Rasha mai suna Petrov yana tsara yaƙin. Ita kuwa Amurka, wadda a watan Yuli gwamnatin Jimmy Carter ta nuna alamar za ta ba Somaliya makamai, da ta ga an tsallaka iyaka sai ta janye jiki. Siyad Barre ya zama ba tsuntsu ba tarko. A Maris 1978 aka ƙwace Jijiga, sojan Somaliya suka koma gida a karye.

Littattafan tarihi da yawa a nan suke rufe babin, su koma lissafin wa ya ci riba tsakanin Mosko da Washinton. Ni kuwa a nan hankalina ya fi tsayawa. Bayan sojojin, wa ya biyo? Mata ne da goyo, da tsofaffi, dubban ɗaruruwa, sun baro rijiyoyinsu da dabbobinsu sun cika sansanonin gudun hijira a Somaliya. Matar da take da madarar raƙumi a ƙwarya har ta ba baƙo, ta koma bin layi da kwano tana jiran garin masara na agaji. Ba ta san Birezneb ba, ba ta san Carter ba, ba a kuma tambaye ta ba.

A 1980 Amurka ta shigo Berbera, ta gaji titin jirgin da kishiyarta ta gina. Musaya ta cika ke nan. Makaman da aka tara wa ƙasashen biyu kuwa ba su koma inda suka fito ba, a gida suka zauna, kuma bindigar da ta rasa abokin gaba a waje cikin gida take juyowa. Mangistu ya yi ta yaƙi da Eritiriya da Tigrai, har a 1984 ya yi gagarumin bikin cika shekara 10 da juyin mulki alhali yunwa tana kashe mutane dubban ɗaruruwa a arewacin ƙasarsa. Siyad Barre shi ma ya juya kan 'yan ƙasarsa. A 1988 jiragensa suka tashi daga filin jirgin Hargesa suka yi ruwan bama-bamai a kan Hargesan kanta, mutanen gari suka gudu, ina? Habasha, wurin da aka gudo shekara 10 da suka wuce.

Da Amurka da Rasha suka shirya a tsakaninsu a ƙarshen shekarun 1980, kowa ya ɗauke tukunyarsa. Cikin shekara ɗaya, 1991, Siyad Barre ya tsere daga Mogadishu a Janairu, Mangistu ya tsere Zimbabuwe a Mayu, ita kanta Tarayyar Sobiyet ta wargaje a Disamba. Rumbunan makamai suka faɗa hannun samari, yunwar 1992 ta ci rayuka fiye da 200,000, garin Baidowa ya zama makabarta. Sojan Amurka sun zo a Disamban 1992, da aka kashe musu mutum 18 a Oktoba 1993 suka haɗa kaya suka tafi. Wata guda kafin nan an kashe sojan Nijeriya 7 a Mogadishu cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, su ma da matansu da 'ya'yansu a barikoki, amma ba kasafai ake tuna su ba. Shi kuwa Siyad Barre, babu ɗaya cikin tsofaffin masoyansa da ya ba shi ɗaki. A Legas ya ƙare, a can ya rasu ranar 2 ga Janairu 1995.

Kada ki ce ai tsohon zance ne. Ƙofar gidan tana nan inda take, sai dai manema da suka ƙaru. Amurka tana da sansanin soja a Jibuti tun 2002, Faransa dama ba ta taɓa tashi ba, Sin ta buɗe nata a 2017, a shekarar ce Turkiyya ta buɗe nata a Mogadishu, tashar Berbera kuma wani kamfanin Dubai ya karɓi tafiyar da ita. A can Kenya kuwa akwai sansanin Dadaab da aka kafa wa 'yan gudun hijirar Somaliya a 1991 don mutum 90,000. A 2011 ya haura 400,000. Akwai matan da suka shiga shi da goyo, a ciki suka aurar da goyon, a ciki suka yi wa jikoki wankan jego.