Tarihin Dawo da Matattun Jarumai a Wasannin Labari na Kan Tebur

Wasan labari na kan tebur ya samo asali ne a Amurka a farkon shekarun 1970, kuma yadda ake yin sa shi ne mutum huɗu ko biyar su zauna kewaye da tebur, kowannensu yana riƙe da jarumi guda na ƙage wanda yake magana da yawunsa, yayin da wani mutum ɗaya da ake kira jagoran wasa yake bayyana musu duniyar da labarin ke gudana a cikinta, sannan a jefa ƙwayoyi masu lambobi irin na ludo domin a san wanda ya yi nasara da wanda ya faɗi. Tun daga ranar farko wasan ya zo da wata matsala da babu irinta a littafin labari, wato idan ƙwaya ta yanke wa jarumi hukuncin mutuwa, mai shi yana nan zaune a kujerarsa, ya rasa abin da ya shafe watanni yana renonsa, ba shi kuma da abin yi har a tashi. Duk dokokin da aka rubuta game da tayar da matattu a cikin waɗannan duniyoyi na ƙage amsa ce ga halin da wannan mutum yake shiga.

Tushen al'amarin yana cikin wasannin yaƙi da ake yi da 'yan ƙananan mutum-mutumin sojoji, irin su Chainmail wanda Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar a 1971, inda mutuwar soja ɗaya ba ta dami kowa ba tunda rundunar ce abin kulawa. Da Dave Arneson ya mayar da kowane ɗan wasa mai jarumi ɗaya tak a wasansa na Blackmoor a jihar Minnesota, sai mutuwa ta sami nauyin da ba ta da shi a da. Saboda haka lokacin da kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga Dungeons & Dragons a 1974, ƙananan littattafansa uku sun riga sun tanadi mafita. Firist, wato jarumin da ke hidimar ɗaya daga gumakan duniyar wasan, idan ya kai mataki na 8 na ƙwarewa yana iya tayar da gawar da ba ta wuce kwana 4 ba, a ƙara masa kwana 4 a kan kowane mataki da ya hau bayan nan, amma wanda aka tayar sai ya yi jinyar mako 2, kuma mai raunin jiki ba ya tashi sam. Akwai kuma sihirin matsafa da ke dawo da mamaci a cikin jikin wata halitta dabam, da wata doka da ta yarda ɗan'uwan jarumin da ya ɓace ya gaji dukiyarsa bayan an cire harajin kashi 10 cikin 100.

Littafin 'yan wasa na Advanced Dungeons & Dragons, wanda Gygax ya rubuta aka buga a 1978, ya ƙara tsananta sharuɗɗan. Duk wanda za a tayar sai an jefa masa ƙwaya a ga ko jikinsa zai jure, duk dawowa tana rage masa maki ɗaya daga makin ƙwarin jikinsa, kuma adadin makin da ya fara da shi ne iyakar yawan dawowarsa. Gygax bai kasance mai sassauci ba, domin shi ne ya tsara Tomb of Horrors, kabarin nan mai cike da tarkuna da aka fara gwadawa a taron Origins na 1975 aka buga shi a 1978, wanda wasu tarkunansa ke shafe jarumi baki ɗaya ba a bar ko gawar da za a ɗauka ba.

A cikin waɗannan sharuɗɗa ne al'adar mayar da dawowar mamaci wata tafiya mai zaman kanta ta tsiro, ba tare da wani ya zauna ya tsara ta ba. Ƙananan jarumai ba su da firist mai wannan iko a cikinsu, don haka dole su saɓi gawar abokinsu su fito daga kogo, su keta daji suna lissafin kwanakin da suka rage, su isa wani babban ɗakin bauta, inda babban firist zai nemi zinariyar da ba su da ita. Dokokin 1974 sun ba firist wani sihiri da yake ɗora wa mutum aikin da ba zai iya gudunsa ba, shi ya sa ya zama abu mai sauƙi ga jagora ya sa a biya bashin rai da hidima maimakon kuɗi. Wannan ita ce mafita mafi daraja da wasan ya taɓa samu, domin ta mayar da rashin mutum ɗaya nauyin jama'a duka, ta kuma sa abokan tafiya su nuna a aikace abin da ɗan'uwansu ya kai a wurinsu. Duniyar Glorantha ta Greg Stafford, wadda wasan RuneQuest na 1978 ya zauna a cikinta, ta ɗauki abin da zurfi fiye da haka, tunda babban labarinta shi ne yadda wani gunki mai suna Orlanth ya sauka lahira tare da abokansa domin dawo da Yelm, ubangijin rana da shi kansa ya kashe, irin tafiyar da aka sani a tsofaffin labaran Girka game da Orfiyus.

Bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, bugu na uku na Dungeons & Dragons na shekarar 2000 ya kawo sharaɗi mai kyau, cewa ba a dawo da ran da bai yarda ya dawo ba, amma ya kuma sa wa abin farashi tsayayye. Gyaran 2003 ya kai shi lu'ulu'u na tsabar zinariya 5,000 tare da asarar mataki guda, ko 25,000 ga mai son dawowa ba tare da asara ba. Illar wannan tsari a bayyane take, domin da zarar jarumai sun yi arziki sai mutuwa ta koma ciniki, tsoron da ke ba wasan armashi ya dushe. A wannan shekara ta 2003 ne Monte Cook da Sean K. Reynolds suka bi wata hanya a littafin Ghostwalk, inda jarumin da ya mutu yake ci gaba da wasa a matsayin fatalwa a birnin Manifest, abin da ya warware matsalar mutumin da ke zaune ba aiki kai tsaye.

Bugu na biyar na 2014 ya sauƙaƙa abin ƙwarai, ya ba firist na mataki na 5 ikon dawo da wanda bai wuce minti ɗaya da mutuwa ba a kan lu'ulu'u na zinariya 300, kuma wannan sauƙi ne ya sa masu tsarawa da jagorori suka koma neman hanyar dawo wa mutuwa da kwarjininta. Wasan Dungeon World na 2012 ya riga ya sa jarumin da ke bakin ajali ya tsaya gaban Mutuwa, idan ƙwayoyinsa suka faɗi tsakanin 7 da 9 ta yi masa tayin sharaɗi, ya karɓa ya rayu ko ya ƙi ya wuce. A shirin Critical Role da aka fara watsawa a 2015, jagoran wasa Matthew Mercer ya riƙa sa abokan mamacin su yi wa ransa magana ko su miƙa wani abu mai daraja a gare su kafin a jefa ƙwaya, kuma ƙoƙarin yana iya faɗuwa. Kamfanin Wizards of the Coast da kansa ya juya al'amarin a Tomb of Annihilation na 2017, inda wata la'ana ta hana tayar da kowa, waɗanda aka taɓa tayarwa kuma suka shiga ramewa kullum, sai jarumai suka nufi dazuzzukan Chult domin rusa na'urar da ke haɗiye rayuka, suna sane da cewa duk wanda ya faɗi a hanya ba mai dawo da shi har sai an gama aikin.