Efoksin shimfiɗar ƙotar bindiga

Efoksin shimfiɗa wani sinadari ne mai kama da gam wanda masu gyaran bindigogin farauta da na gasar harbi ke zubawa cikin kwarmin ƙotar bindiga, wato gangar katako ko roba da ƙarfen bindigar ke kwanciya a cikinta. Idan ya daskare sai ya ɗauki siffar ƙarfen daidai wa daida, kamar yadda narkakken dalma ke ɗaukar siffar mazubi. Ba don a manne ƙarfe da katako ake sa shi ba. Manufar ita ce ƙarfen ya samu mazauni guda da zai riƙa komawa bayan kowane harbi, kuma a iya cire shi duk sa'ad da aka kwance noti. Sana'ar ta fi ƙarfi a Amurka, kuma yawancin kayan da aka sani a wannan fanni can ake yin su.

Dalilin yin shimfiɗa

Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ta taɓa ƙin rufuwa da damina sannan ta saki da hunturu ya san wannan hali. Haka ƙotar bindiga take. Ƙari a kan haka, kwarmin da injin masana'anta ke sassaƙawa ba ya taɓa ƙarfen ta ko'ina, sai a 'yan wurare. Idan an harba, bugun baya yana gusar da ƙarfen kaɗan, kuma ba lalle ya koma inda ya taso ba. Motsin da ido ba ya gani a ƙota yana iya zama tazarar santimita da yawa a kan allon saiti mai nisan mita 100. Ga mafarauci, wannan tazara ce ke raba kisa nan take da raunata dabba ta tsere ta mutu a daji.

Tarihi

An gano efoksi a shekarun 1930 da 1940, ta hanyar aikin masana irin su Pierre Castan a Suwizalan da Sylvan Greenlee a Amurka. Kamfanin Ciba ya fitar da shi kasuwa da sunan Araldite, sunan da masu gyare-gyare a kasuwannin Najeriya suka sani har yau. Kafin zuwansa, maƙerin bindiga yakan shafa baƙin tunƙa a jikin ƙarfe, ya danna shi cikin katako, ya kankare inda baƙin ya taɓa, ya sake, har sai sun dace. Aiki ne na kwanaki. Daga baya kamfanin Brownells na jihar Iowa ya fito da Acraglas, wanda ake gauraya shi da garin zaren gilas domin ya yi kauri. Shi ya sa har yanzu Amurkawa ke kiran aikin da sunan gilas ko da babu gilas a cikin haɗin. Sojojin Amurka masu shiga gasar harbi sun yi wa bindigoginsu na M1 Garand da M14 irin wannan shimfiɗa.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓe

Kowane efoksi kashi biyu ne: ƙaron kansa da sinadarin da ke daskarar da shi. Ba bushewa yake yi kamar fenti ba, haɗuwar biyun ce ke sandarar da shi, don haka kuskuren awo yana barin shi da laushi har abada.

Abu na farko shi ne kauri, kuma a nan ne masu aikin suka fi saɓani. Mai ruwa-ruwa kamar zuma yana shiga kowane lungu, yana ratsa katako ya kama shi sosai, amma yana kwarara zuwa inda ba a so, har cikin ramin kunama da ramukan noti. Mai kauri kamar tunkuza yana zama inda aka ajiye shi, sai dai idan ba a danna shi da kyau ba yakan bar kumfar iska a ciki. Sabon hannu ya fi samun sauƙi da mai kaurin.

Na biyu shi ne lokacin aiki, wato mintunan da ke tsakanin gaurayawa da fara ƙanƙarewa. Efoksin minti biyar da ake sayarwa a shagunan kayan gini bai dace da wannan aiki ba: kafin a shafa, a saka ƙarfe, a daidaita shi, ya riga ya kama. Zafi kuma yana gaggauta shi. Alƙaluman da kamfanoni ke rubutawa a gwangwani na yanayi ne mai kusan digiri 24 a ma'aunin Salsiyos, kuma ƙarin digiri 10 yana iya rage lokacin da kusan rabi.

Sai tsukewa. Duk efoksi yana ɗan tsukewa yayin daskarewa, amma wanda aka cika da garin ƙarfe ya fi kowanne riƙe girmansa, ya kuma fi jure matsin noti. Ana kuma duba juriyarsa ga man bindiga da sinadaran wanke bututu.

Sanannun nau'o'i

Acraglas na asali ruwa ne, ana haɗa shi kashi 4 da 1, kuma da yawa sun mayar da shi na ɗinke tsagewar katako. Acraglas Gel mai kauri ne, awonsa 1 da 1, ana iya rina shi ya yi kalar ƙota. Brownells na da wani kuma, Steel Bed, mai garin ƙarfen da ba ya tsatsa.

Devcon Plastic Steel Putty mai lamba 10110 ba don bindiga aka yi shi ba, na gyaran injuna ne a masana'antu, amma ya samu karɓuwa ƙwarai wajen masu harbin nesa. Ana auna shi kashi 9 da 1 a sikeli, ko 2.5 da 1 a cokali. Yana ba da kimanin minti 45 na aiki, ya yi ƙarfi cikin awa 16. Marine-Tex, wanda asalinsa na toshe ɓarakar jiragen ruwa ne, ana haɗa shi 5 da 1. J-B Weld shi ne mafi arha da sauƙin samu, awonsa 1 da 1, sai dai ya fi waɗancan kwarara.

Muhawara kan wanda ya fi ba ta ƙarewa a tsakanin masu sha'awar harbi, amma bambancin da ke tsakanin waɗannan kayan bai kai bambancin da ke tsakanin aiki mai kyau da na ganganci ba.

Maganin mannewa da sauran kariya

Babbar asarar da ake yi a wannan aiki ita ce ƙarfe ya manne da ƙota ya ƙi fita. Don haka ake shafe duk ƙarfen da noti da abin hana kamawa, ko dai wanda ke zuwa cikin kwalin, ko kaki, ko man goge takalmi marar launi irin na Kiwi. Ana toshe ramuka da yumɓun wasan yara wanda ba ya bushewa, domin efoksin da ya shiga rami ya daskare ya zama makulli, ko da an shafa kaki. Haƙorin ƙarfen da ke tare bugun baya kuwa, da yawa sukan liƙa masa salatif ta gaba da gefe da ƙasa, a bar bayansa kaɗai yana taɓa shimfiɗar. Idan duk da haka ya kama, akan saka bindigar cikin firiza ta kwana, sanyi ya tsuke ƙarfen.

Wasu sukan dasa gajerun bututun alminiyam a ramukan noti kafin zuba efoksi, don kada ɗauri ya murƙushe katako. Ƙotocin zamani masu ƙashin alminiyam a ciki sun rage buƙatar shimfiɗa, ko da yake akan yi musu siririya.

Lafiya da doka

Efoksin da bai daskare ba yana jawo ƙaiƙayi da borin fata ga wanda ke yawan taɓa shi, shi ya sa ake sa safar hannu a kuma yi aikin inda iska ke shiga. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta wajabta lasisi kafin mallakar bindiga, ta kuma hana ƙera ta ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba.