Wasannin Kaka a Adar da Majiya: Tarihin Ɗan Lokacin da ke Tsakanin Girbi da Ci Rani

1. Gabatarwa

Mai fassara daga Hausa zuwa Faransanci yakan so ya mayar da kalmar kaka da automne. Fassarar ba ta zauna daidai ba, domin Bahaushe ba ya auna kaka da zubar ganye, da rumbu yake auna ta. Tana farawa da ɗaukewar ruwa a ƙarshen Satumba, ta ƙare da saukowar ɗari wajen Disamba, kuma a cikinta ne ake yankan gero, a biya bashi, a ɗaura aure, a yi wasa. Wannan maƙala ta dubi wasannin nan a yankin Babankatami, ƙaramar hukuma ta gundumar Buza, da maƙwabtanta na gundumomin Madawa da Kaita a jahar Tawa.

Idan aka tambayi dalilin raguwar wasannin kaka, amsar da aka fi bayarwa ita ce wa'azin malamai, sai kuma rediyo da wayar hannu. Ba mu musanta tasirinsu ba. Amma a ganinmu tushen al'amarin yana ga lokaci: wasannin sun dogara ne ga wasu makwanni da samari ke gida, cikinsu a ƙoshe, hannunsu ba aiki, kuma waɗannan makwanni sun yi ta ƙanƙancewa tun farkon ƙarni na 20.

2. Kaka a tsohon tsari

Ayyuka biyu da aka buga a 1975 cikin jerin Études nigériennes su ne madogarar duk mai nazarin wannan ƙasa: na Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Nasara, da na Nicole Echard a kan tarihin manoman Adar. Daga cikinsu muke fahimtar cewa iko a nan hawa biyu ne. Akwai sarauta, wadda ta samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas da ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, tare da ikon Abzinawa irin su Lisawan a wajen Kaita da Kel Geres a wajen Madawa. A ƙarƙashinta kuma akwai Azna, masu ƙasa, waɗanda ke riƙe da alƙawarin da ke tsakanin gari da iskokin wurin. Su ne masu faɗin ranar da za a taɓa sabon hatsi, da ranar buɗin daji da ke ba mafarauta izinin fita. Wato ke nan kaka tana da mabuɗi, kuma mabuɗin yana hannun dattawan zuriya.

Da an ɗaure damma an kai rumbu, sai gari ya koma hannun matasa. Sarkin samari, wanda da damina shi ke kiran gayya da gangar noma, shi ne kuma mai aika goron gayyata ga samarin wani ƙauye. Kokowa ita ce babbar aba. Ƙauye kan tashi da makaɗansa da ƴan matansa ya sauka a wani, a ciyar da baƙi kwana biyu ko uku, sa'an nan a rama ziyara. Abin lura a nan shi ne ciyarwar. Garin da bai cika rumbu ba ba ya iya gayyata, don haka yawan kokowar da aka yi a wata shekara ma'auni ne na albarkar daminarta. Da dare ƴan mata na gaɗa a dandali a farin wata, mahauta na da dambensu, masu bori na da gogensu da ƙwarya, makaɗa kuwa na bin manoma gida-gida, a sallame su da dami, ba da kuɗi ba. A wannan lokaci ne kuma makiyaya ke gangarowa daga arewa zuwa karan gonaki, kasuwanni su cika, a yi musayar gero da dabba da gishirin Bilma.

Bai kamata mu ɗauki wannan tsari a kan wani zamanin jin daɗi ga kowa ba. Littafin Benedetta Rossi na 2015 a kan Adar ya nuna yadda bauta da biyan hatsi ga masu takobi suka ratsa rayuwar yankin. Wani rumbun da aka cika da kaka, rabinsa na wani ne.

3. Haraji da ci rani

Faransawa sun kafu a yankin Madawa da Tawa a farkon shekarun 1900. Abin da suka kawo wanda ya fi taɓa kaka shi ne harajin kai, da ake karɓa bayan girbi, kuma da kuɗi. Manomin Adar ba shi da gyaɗa irin ta Maraɗi da Damagaram. Ko ya sayar da gero a lokacin da ya fi araha, ko ya tura ɗansa kudu, Sakkwato ko Kano ko ma'adinan Jos, ya nemo kuɗin. Yunwar 1913-1914 da ta 1931 sun ƙara koya wa mutane hanyar, aikin tilas kuma, wanda sai a 1946 aka soke shi, ya sa wasu suka gwammace su tsallake iyaka kafin ɗan sandan kwamanda ya iso. Daga baya tafiyar ta kai Abijan da Kamaru da Libiya.

Ci rani bai kashe wasa nan take ba. Da farko ma ya ƙawata shi, domin mai dawowa kan zo da tufa da turare da kuɗin liƙi. Abin da ya sake shi ne ranar tashi. Saurayin da a da yake zama har ɗari ya wuce, yanzu yana jiran a gama ɗaurin dami ne kawai, a shekarar fari ma ba ya jira.

4. Lokacin da gwamnati ta shiga fage

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kunce, da ta haramta jam'iyyu, ta nemi hanyar isa ga talakawa, sai ta farfaɗo da samariya ta mai da ita ƙungiya ta ƙasa, daga ƙauye har Yamai. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko, a garin Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci. A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, wanda ke kewaya manyan biranen jahohi a watan Afrilu, watan tunawa da juyin mulki. A shekarun 1980 kuma aka kafa gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Adar.

Ribar da aka samu ba ƙarama ba ce. Ɗan kokowar ƙauye ya sami hanyar da za ta kai shi rediyon ƙasa, kamar yadda Kasu Kazuga na Tawa ya yi suna, waƙoƙin ƴan mata da yawa kuma sun tsira ne saboda an ɗauke su a faifai lokacin bikin matasa. Sai dai abin da ya hau wannan tsani ya sake kama. Kokowa ta sami alƙali da agogo da fili mai katanga, kowace jaha da ƴan kokowa goma, ta rabu da ziyara da ciyarwa da ramuwa. Waƙar gaɗa ta koma waƙar faɗakarwa a kan dashen itace da haɗin kan ƙasa, ana gwajinta a rani don a nuna wa alƙalai a Afrilu. Sarkin samari ya zama mai karɓar umarni daga shugaban gunduma. Mabuɗin kaka, wanda muka gani a hannun Azna, ya koma cikin kalandar ma'aikatar matasa, wadda ba ta tambayar ko rumbu ya cika. Da guguwar taron ƙasa na 1991 ta tafi da samariyar gwamnati, ta ƙauye ba ta dawo yadda take ba, domin shekara goma sha biyar ta isa a manta yadda ake kiran wasa ba da takarda ba. Kokowa kaɗai ta ci gaba da bunƙasa, saboda tana da takobi da kyauta da masu ɗaukar nauyi.

5. Daga 1984

Farin 1984 ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, shi ya sa aka laƙaba wa yunwar sunan Buhari. A shekarar ne aka fara babban aikin raya karkara na Kaita da taimakon Italiya da FAO, inda ake biyan ma'aikata da abinci. Mafi yawan masu ɗaukar duwatsu a wuraren aikin mata ne, don maza sun tafi. A kwarin Majiya da na Tarka kuwa albasa ta ba waɗanda suka zauna abin yi, amma irin albasa ana zuba shi ne tun ba a gama da dawa ba, ban-ruwa kuma ba ya ba da hutu. Mai tafiya ya tafi da wuri, mai zama ya shiga garka.

A nan ne ya kamata a sanya maganar wa'azi. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta yaɗu a Nijar musamman bayan 1991, kuma ta soki bori da cuɗanyar dandali da ɓarnar biki. Amma sau da yawa ƴan ci rani ne suka zo da ita gida, ta kuma sami dandalin ya riga ya yi sanyi. Hujjarta a kan rage kashe kuɗi ta yi wa saurayi daɗi, shi da ke biyan kuɗin aure da guminsa na Legas ko Abijan.

Akwai hanyar gwada wannan ra'ayi namu. Taron gari a yau ya fi karkata ga Salla, wadda ke bin wata, tana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Salla ta faɗo cikin Oktoba da Nuwamba daga 2003 zuwa 2007, Babbar Salla kuma daga 2009 zuwa 2014. A waɗannan shekaru saurayi na da dalili biyu na jinkirta tashi. Ɗalibin da zai yi bincike a Babankatami ko Tama ko Garhanga yana iya tambayar makaɗa da tsofaffin sarakunan samari kokowa nawa da aure nawa aka yi a kakar waɗannan shekaru, ya ware shekarun da damina ta ƙi, kamar 2004 da 2011, sa'an nan ya kwatanta da shekarun da Salla ta koma cikin damina.