Madatsar Ruwa ta Sabke da Tarihin Kashe Dukiyar Jama'a a Ƙasar Daura

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba ko kuɗin da hukuma ke kashewa da sunan raya ƙasa yana komawa ga talaka gwargwadon yawansa. Za mu ɗauki misali daga madatsar ruwa ta Sabke da ke ƙasar Mai'aduwa, cikin masarautar Daura.

Bayan da Turawa suka mayar da Malam Musa gadon sarautar Daura a 1906, an kafa Baitulmali kamar yadda aka yi a sauran masarautun Arewa. Haraji da jangali su ne tushen kuɗin En'e, kuma daga cikinsu ake biyan albashi, a haƙa rijiya, a gina ɗakin shan magani. Tsarin yana da zalunci, amma manomi ya san daga guminsa kuɗin ya fito.

Da kuɗin man fetur ya yawaita bayan 1973, sai al'amari ya sake. A 1976 aka raba ƙasar ga hukumomin raya koguna goma sha ɗaya, a 1979 kuma gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji a Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta har 1987. Talaka ya huta da biya, amma manyan ayyuka sun koma hannun Gwamnatin Tarayya, inda muryarsa ba ta kaiwa. Abin da ya biyo baya mun gan shi a Bakolori, inda 'yan sanda suka kashe manoma masu neman diyyar gonakinsu a 1980, da kuma Zobe ta Dutsinma, wadda aka gama ginawa a 1983 amma ruwanta ya shekara da shekaru ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba.

Ita Sabke an gina ta a zamanin asusun PTF, wanda Janar Abacha ya kafa a 1994, Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta. Da aka rushe asusun a 1999, sai aikin kai ruwan gonaki da garuruwa ya yi ta jan ƙafa. Dalili kuwa a fili yake. Gina bango kwangila ce guda, mai tsoka, wadda ake buɗewa da biki. Haƙa magudanai da shimfiɗa bututu da gyaran injuna kuwa ɗawainiya ce ta kowace shekara, wadda ba ta jawo wa kowa suna.

Saboda haka muna ganin bai kamata a auna irin wannan aiki da kuɗin da aka kashe ba. Ma'aunin shi ne kadada nawa aka noma da rani, gida nawa suka sami ruwan sha, da shanu nawa aka shayar kafin a kai su kasuwar Mai'aduwa. Wajibi ne ƙananan hukumomi da masana su riƙa tattara waɗannan alƙaluma duk shekara, su bayyana wa jama'a da Hausa, domin su ne masu dukiyar.